Haƙa Rami a Kan Allo

Nura, jiya a ɗakin malamai na ji ka da kunnena kana gaya wa abokanka biyu cewa idan an tashi rabon kwasa-kwasai kai ajin ƙarshe kake so, wai hutu ne. Ɗalibai ba su cika ashirin ba, kowa ya girma, babu mai damunka da tambayar banza, ka shiga ka rubuta ka fito. Ban tanka ba don bakina cike yake da ƙosai. Yau na haɗiye, sai ku jawo kujeru ku ukun. Shekarun da na yi ina koyar da lissafin ajin ƙarshe, a nan Gusau da inda na faro, sun kusa kai naka a duniya, kuma har gobe idan zan shiga ajin nan sai na sake bin darasina layi-layi. Kallon kitse kuke yi wa rogo.

Ba ku kaɗai ba ne ba ku san aikin ba. A Tsafe, inda aka yanke cibiyata kuma inda iyalina suke har yanzu, Dakta Mai Lissafi ake ce mini. Wata rana maƙwabcina Alhaji Mamman zai ƙara ɗaki a gidansa, ya tare ni bayan la'asar ya faɗi tsawo da faɗi, ya ce bulo nawa zai ci. Na laluba aljihu na ciro waya na fara dannawa. Ya dube ni, ya dubi wayar.

"Ashe kai ma da waya kaka yi, Dakta?"

Na ce masa ai mu a ajin da nake koyarwa mun daɗe da rabuwa da lambobi, sai haruffa.

"To mi kuka lissahi?"

Na ce a wani kwas muna nuna cewa kofi mai hannu da awarwaro abu ɗaya ne, tunda kowanne huda ɗaya gare shi. A wani kuma muna nuna cewa abin da ba shi da iyaka ma, wani ya fi wani yawa. Alhaji ya ce Allah shi ƙara lahiya, ya nufi wurin magini. Tun daga ranar a hankali yake gaishe ni, yadda ake gaida mai jinya.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa ake raina su. Da alli muka fara, kuma har yau ina kewarsa, domin alli ba ya yaudara, kana ganin tsawonsa ka san inda zai kai ka. Wannan makar da aka kawo mana tare da farin allo kuwa munafuka ce. Da safe za ta yi baƙi wuluk, sai ka kai tsakiyar aiki, daidai inda kake buƙatar idon kowa, ta fara dusashewa kana girgiza ta kamar mai kaɗa nono. Sai takardun shara, wato bayan tsofaffin takardun jarrabawa, da kwando babba a gefen teburi, domin mafi yawan abin da za ka rubuta kana shirya darasi na kwandon ne. Sai tsumman goge allo. Shi ya fi kowanne haɗari, kuma zan dawo kansa.

Abin da muke sayarwa kuwa sunansa hujja. Ka faɗi magana, sa'an nan ka jero layi bayan layi, kowanne yana dogare da na samansa, har ka kai inda mai gardama ba shi da wurin sa ƙafa. Layi ɗaya ya zama ƙarya, duk abin da ya biyo bayansa ya rushe, komai kyansa a ido.

Wanda ya koya mini sana'ar shi ne Farfesa Ishaya, mutumin kudancin Kaduna, dogo mai sanƙo, a jami'ar da na yi karatu. Ranar da ya fara shigo mana ajin ƙarshe ya cika allo daga wannan bango zuwa wancan, muna ta kwafa har yatsu suka sage. Ya juyo ya ce, "Kun gane?" Muka haɗa baki muka ce mun gane. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To ni ban gane ba," in ji shi. "Akwai layin ƙarya guda a allon nan, ni na sa shi da hannuna. Ba mai fita sai an nuna mini shi."

Muka zauna muna kallon allo, allo na kallonmu. Aka kira azahar, ya ce Musulmi su je su yi salla su dawo, allon ba ya zuwa ko'ina. Sai da yunwa ta fara yi mana magana sannan wani daga baya ya miƙe ya nuna layin. Farfesa ya tashi ya ba shi hannu kamar wanda ya kawo masa albishir. Rami yake kiran irin wannan layi. Kusan kowane mako sai ya haƙa ɗaya, ba ya faɗin rana, kuma maganar da ba ta barin bakinsa ita ce, ɗalibin da bai taɓa fitar da malaminsa daga rami ba bai gama karatu ba, ko da an miƙa masa takarda.

Da na gama aka riƙe ni a matsayin da kuke kai yanzu, na zama mai ɗaukar masa kwalin alli da tsumma. A nan na gano wani abu da ban taɓa gaya masa ba. Duk lokacin da zai haƙa rami, sai ya mayar da allin hannun hagu, ya shafa babban yatsansa na dama a jikin wando, sa'an nan ya karɓo allin ya rubuta ƙaryar. Shi kansa bai san yana yi ba. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi an jima.

Abu na biyu shi ne zancen tsumma. Wata rana yana tsakiyar hujja sai kansa ya ɗaure da gaske. Na san ba rami ba ne, don alli bai bar hannun dama ba. Ya tsaya, ya rubuta, ya soke, ya sake tsayawa. Ni kuma yaron kirki, na ga girma zai faɗi gaban ɗalibai, na zabura da tsummana zan goge allon ya sake daga farko. Ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi, Lawali. Su ga yadda ake ɓacewa."

Ya bi layukan da yatsa yana hawa sama ɗaya bayan ɗaya, yana gunaguni, aji tsit, har ya kai inda ya saki hanya. A kan hanyarmu ta komawa ofis ya ce mini in na riƙa gogewa duk lokacin da kaina ya ɗaure, yaran za su ɗauka lissafi a shirye yake faɗowa daga sama, kuma ranar da nasu kan ya ɗaure za su ce su ne dakikai. Ya ce aikinmu ruɗewa ne, abin da muka fi sauran mutane kawai shi ne muna iya zama a cikinta ba mu gudu ba. A lokacin ban gane ba, amma na ce haka ne, Baba.

Wannan "haka ne" ita na tarar tana jirana da na dawo Zamfara da koyarwa. Ɗalibanmu na nan Allah ya ba su hadda. Yaron da ya taso yana wanke allo yana sake rubutu tun kafin ya iya ɗaura wando, shafi uku na hujja ba komai ba ne a wurinsa. Zangon farko da na fara haƙa musu rami, na yi ta jira wani ya ɗaga hannu, shiru. Ranar jarrabawa suka dawo mini da hujjar cif, har da ramin a cikinta, an share shi an yi masa ado. Akwai wanda ya canza biro daga baƙi zuwa ja a tsakiyar shafi. Na yi ta juya takardar ina neman dalili, sai can na tuna a daidai wurin ne makata ta mutu na ɗauko ja.

Na ce musu akwai rami, ku nema. Suka ce haka ne, Malam. Na ce ƙarya nake yi muku a allo. Suka ce haka ne, Malam. Ba rashin kai ba ne. A gida an koya musu bin na gaba bin Allah, ni kuma na zo ina cewa makinka yana cikin ka ce wa na gaba ya yi kuskure. Su a ruɗe, ni a ruɗe. A kowace shekara dai akan sami ɗaya da bai da wannan nauyin baki. A shekarar da zan ba ku labari Chinedu ne, haifaffen Gusau, ubansa na sayar da kayan gyaran mota, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Shi kuma matsalarsa ko'ina rami yake gani. Ranar da ya ɗaga hannu ya ce kwanan watan da na rubuta a saman allo bai yarda da shi ba, sai da na fita waje na sha iska.

A ajinsu ne Dije take. Bafulatana ce, iyayenta makiyaya ne da ke zaune a dajin wajen Karakkai suna ɗan noman gero, har rashin tsaro ya tashe su. Shekarun da aka yi ana wannan watsewa ta ɗage karatu, ta sake ɗagewa, sa'an nan ta dawo tana zaune wurin goggonta a Bungudu, kullum tana shigowa Gusau a motar haya. Dokar jami'a ta yanke wa ɗalibi iyakar shekarun da zai yi, ita kuma ta cinye nata kaf. Wannan shekarar ce ta ƙarshe. In ta faɗi ko da abu ɗaya ne babu maimaici, za ta koma gida hannu rabbana kamar ba ta taɓa shiga jami'a ba.

Ba ta magana a aji, ba ta ma ɗaga ido. Amma na lura da bironta. Kowa na kwafa, ita ma tana kwafa, sai na rubuta layin ƙarya, biron ya tsaya cak. Ta ajiye shi a kan takarda, ta haɗa hannuwa, ta sunkuyar da kai har in gama. Na gwada ta ba sau ɗaya ba, na ɓoye ramin inda ni kaina sai na yi alama nake tuna shi, biron bai taɓa kuskure ba. Rannan na tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Dije, kin ga ramin yau?"

"Malam ya fi ni sani."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Layi na nawa ne?"

"Abin da babba ya hango, Malam, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinai."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ni ba babba ba ne a cikin ajin nan, maƙaryaci ne mai maka a hannu, kuma aikinta ta kama ni. Ta ce Allah shi huci zuciyar Malam. Na rasa ta inda zan ɓullo mata. A gidansu ko sunan babba ba a kamawa, balle a dubi idonsa a ce ba haka ba ne.

Shekarar kuwa ita ce mafi muni da na gani a aikin nan. Yajin aiki ya cinye watanni, aka dawo aka matse karatun zango guda cikin 'yan makonni, kamar ana ɗura wa buhu abin da ya fi ƙarfinsa. Hanya ba lafiya, in rana ta yi sanyi ba mai son ya kasance tsakanin Tsafe da Gusau, ni da kaina na koma kwana a ɗakin wani abokina a gari, sai ƙarshen mako nake ganin 'ya'yana. Ɗaliban ƙauyuka suna zuwa yau, gobe babu su. Aka koma ɗaukar hoton allo a waya ana tura wa juna, kuma hoto ba ya gaya maka inda rami yake. Na wayi gari ban san wa ya ji me ba, wa ya kwafi ƙarya ya haddace, wa ya ji gyaran. Dole na daina haƙa rami a wannan zangon, na ji kamar an cire mini haƙori.

Don in cike giɓi, ranar Asabar nakan je Bungudu in tara 'yan wannan yankin a wani ajin firamare da aka ara mana, mu zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Wata Asabar da damina muna tashi sai ga goggon Dije, tsohuwa 'yar siririya, ta kawo mini fura a ƙwarya. Muka gaisa, na sha, na yi godiya. Da zan shiga mota ta ce in bi ta bayan kasuwa, ya fi kusa da babban titi. Dije na tsaye gefe, kanta a ƙasa. Sai na ji ta ce, a hankali:

"Goggo, ni kaina ya ɗaure. Ji nike kamar jiya anka ce ruwa ya cinye kwalbatin bayan kasuwa. Ko mafarki na yi?"

Tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Af, awo, haka na. Malam, bi ta inda ka zo." Na yi dariya na ja motata. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, hankalina na kan in isa Gusau da rana.

Furojet ɗin Dije, wato binciken da kowane ɗalibi ke rubutawa ya kare kafin a ba shi digiri, ni ne mai duba shi. Na ba ta aikin da ya fi kowanne ɗaure kai. Ku ajiye karatunku gefe, bari in faɗa muku yadda na faɗa wa matata. Layi mai santsi shi ne wanda duk inda ka matso kusa da shi sosai za ka ga ya miƙe, har ka iya jingina masa rula. To ka zana layi mai hawa da sauka kamar tafiyar maciji. Ka ɗora masa wani a bisa, wanda bai kai shi tsayi ba amma ya fi shi yawan lanƙwasa nesa ba kusa ba. Ka ɗora na uku, ƙarami kuma, mai lanƙwasa fiye da na biyu. Haka har abada. Kowannensu mai santsi ne. Amma abin da ke fitowa a ƙarshe layi ne da bai tsinke ko'ina ba, kuma babu wuri ko ɗaya a jikinsa da za ka jingina rula, domin kowane ƙari yana ninka tsananin gangaren. Matata ta ce in ci tuwona ya huce. Dije kuwa ta rubuta hujjar tsaf, na bi ta da jan biro ina neman inda zan soka, ban samu ba.

Saura karewa. Kun san tsarin: a gayyato babban malami daga wata jami'a, ya zauna a tsakiya, malaman sashe a gefensa, ɗalibi ya tsaya gaban allo shi kaɗai. Wanda ya duba aikin yana zama a baya, kuma ba a yarda ya buɗe baki ba. Wanda bai kare aikinsa ba ya faɗi. Da shugaban sashe ya gaya mini wanda aka gayyato a shekarar, sai da na sa ya maimaita sunan. Farfesa Ishaya ne.

Na kira Dije ofis na gaya mata gaskiya. Na ce mutumin nan shi ya koya mini haƙa rami, zai haƙa miki, kuma in kika ce masa haka ne, kin rushe aikinki da bakinki. Na ce ta gwada a kaina, ta ce, "Malam, ba haka ba ne." Kalma biyar. Ta buɗe baki, ta rufe, idonta ya ciko. Na sallame ta, na zauna ina kallon bango. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban ga mafita ba.

Ranar ta zo. Na je tarbarsa, na ga Baba ya tsufa fiye da yadda nake zato. Sanda yake dogarawa, kuma a gaisuwarmu sau biyu ya tambaye ni lafiyar mahaifina, wanda shi da kansa ya zo mini ta'aziyyarsa shekarun baya. Aka fara. Chinedu ya shiga ya yi gardama da kowa har da wanda bai yi magana ba, ya fito yana gumi, ya tsira. Aka kira Dije.

Ta yi bayaninta da 'yar muryarta, ta zana macijin farko, ta ɗora na biyu, ta ɗora na uku. Farfesa na zaune, hannayensa biyu a kan sanda, haɓarsa a kan hannayen. Da ta gama ya ɗago.

"'Yata, aiki ya yi kyau. Amma duba nan. Layi mai santsi in ka tara shi da mai santsi, santsi za ka samu. Uku ma haka. Dubu ma haka. To ai ko har abada aka yi ta tarawa, santsi ne zai fito. Ko ba haka ba?"

Ga rami nan, baki buɗe, a tsakiyar ɗaki. Abin da ya tabbata ga dubu ba dole ne ya tabbata ga abin da ba ya ƙarewa ba, kuma furojet ɗinta gaba ɗaya a kan wannan yake tsaye. Idona ya tafi kan hannunsa, yadda na saba tun ina ɗaukar kwalin alli. Babu alli. Hannu biyu na kan sanda, ba wanda ya motsa. Na dubi fuskarsa, ban ga wannan ɗan murmushin na mai jiran a kama shi ba, sai fuskar tsoho da ya faɗi abin da ya yarda da shi. Kaina ya ɗaure tamau. Gwada ta yake yi, ko kuwa Baba ne ya faɗa da gaske? Malaman da ke gefensa duk suka sunkuyar da kai suna duba takardu, daktoci da manyan riguna, ba wanda ya ce uffan. Ni an hana ni magana, kuma ban rantse muku cewa da an ba ni dama zan iya ba.

Na juya ga Dije. Na ga leɓenta ya fara haɗa "haka ne". Na rufe ido.

"Baba, ni kaina ya ɗaure."

Na buɗe ido. Muryar nan na san ta, ita ce ta bakin motata a Bungudu.

"Har dubu na bi Baba, na gane. Daga nan ne na ɓace." Ta juya ga allo. "Wanga na farko, gangarenai kaɗan ne. Da munka ɗora na biyu, ya ninka. Na uku ya sake ninkawa. In ƙarshen mai santsi ne, ke nan akwai lambar da gangaren za ya tsaya a kanta. Na neme ta, Baba, na sake nema, ban same ta ba. Ko Baba za ya nuna mani inda na saki hanya?"

Ta tako har gaban teburi, ta rusuna, ta miƙa masa maka da hannu biyu.

Shugaban sashe ya yunƙura zai ce wani abu, Farfesa ya ɗaga masa hannu. Ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar, ya karɓi makar, ya je allo. Ya rubuta layi ɗaya, ya rubuta na biyu. A na uku ya tsaya. Ya soke, ya sake, ya tsaya. Tsumma na nan a gefen allo, kusa da hannunsa, bai ko dube shi ba. Ya sa yatsa ya fara hawa sama yana gunaguni, yadda na gan shi yana yi ina saurayi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ni dai na jiƙe sharkaf.

Can ya rufe makar, ya juyo.

"Ni ma ban same ta ba, 'yata. Babu ita. Je ki zauna."

Da aka fitar da ɗalibai aka zo ba da maki, wani matashin malami, mai kaifin baki irin naka, Nura, ya ce shi yana da ja, yarinyar da bakinta ta ce kanta ya ɗaure, ta ce ta ɓace, ya za a ce ta kare aikinta? Farfesa ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Mu nawa ne a ɗakin nan lokacin da na yi maganar? Wa ya tanka in ba ita ba?" Ya rubuta mata makin da ya fi na kowa, ya sa hannu. Dije ta gama. Yanzu haka tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma an ce mini tana haƙa musu rami.

Washegari da hantsi na ɗauke shi a motata zuwa Tsafe, inda direban da zai kai shi gida ta hanyar Funtuwa yake jira. Tun daga Gusau tambayar na bakina, ina tauna ta ina haɗiyewa. Ta yaya zan ce wa wanda ya koya mini riƙe alli, Baba, da gangan ka yi ko kuwa? Muna wuce gonaki, dawa ta fara fitar da kai, shi yana kallon waje. Sai da muka hango masu sayar da kaya a bakin titin Tsafe ya yi magana.

"Lawali, wa ya koya wa yarinyar nan wannan ɗaurewar kai?"

"Ba ni ba ne, Baba. Daga gida ta zo da ita. Ni duk shekarar nan ƙoƙarin raba ta da ita nake yi."

Ya gyaɗa kai. Na tsaya a inuwa kusa da motar da ke jiransa, na zagayo na buɗe masa ƙofa. Bai fito ba tukuna. Ya dubi hannayensa a kan sanda, ya juya su.

"Tun jiya nake tambayar kaina," in ji shi. "Na daɗe ina haƙa ramin nan, har ya zama ban san lokacin da nake haƙawa ba. Jiya ban sani ba, Lawali. Ban sani ba ko ni na haƙa shi, ko faɗawa na yi." Ya ɗago ya dube ni. "Amma ko wanne ne, an fitar da ni, kuma ba a yaga mini riga ba."

Na riƙe masa hannu ya sauko. Daga wannan shekarar bai sake karɓar gayyatar jarrabawa daga ko'ina ba.

To, Nura, ajin hutun ke nan. Na gaya wa shugaban sashe ya ba ka shi zango mai zuwa, ni zan zauna a baya in yi shiru. Ga maka, ka sa biyu a aljihu don za ta mutu. Tsumman kuwa bar shi a nan wurina.